Yadda Na Kashe Wani Manomin Mandera a Kwamfuta

Ni dai ban taɓa ɗaga wa kowa sanda ba, amma na taɓa kashe mutum da yatsa ɗaya, kuma har yau abin yana ci mini rai.

A shekarun nan ne na tsuke bakin aljihu, bayan soja sun kori farar hula, lokacin da takin zamani ya zama sai wane da wane. Ina zaune a Bodinga, kullum in hau babur in shiga birni, inda nake aiki a wani ofishin aikin gona. Aka kawo mana kwamfuta ƙwaya ɗaya tak, aka ware mata ɗaki mai sanyi, ana lulluɓe ta da zane kamar amarya. Da yake ni aka tura kwas, ni ne angon. Kai, na yi girman kai a lokacin, Allah ya yafe mini.

Aikina shi ne kula da sunayen manoman da ake raba wa taki. A da, in za a gyara bayanin mutum, sai a kwafo shi daga babban littafi a wata takarda, a gyara, oga ya sa hannu, sannan a mayar. Ni kuwa na ga wannan ɓata lokaci ne. Na rubuta wa na'urar 'yan umarni: in na ba ta suna, sai ta laluɓo duk layin da ke da sunan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta abin da na ce a kansu nan take. Ba kwafi take taɓawa ba, ainihin ma'ajiyar take gyarawa. Oga, dattijo ne mai ɗari-ɗari da ita, ya ce, "To, wa ke dubawa kafin ta rubuta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ba ta kuskure."

Ya ce to, ya fita.

Wata Alhamis takarda ta zo daga Mandera cewa wane ya rasu, a cire shi daga rabon takin noman rani. Na buga sunansa, na ce a rubuta ya rasu, na danna. Na'urar ta nuna ta gyara layi biyu. Ba zan yi ƙarya ba, na gani da idona. Amma yunwa nake ji, ga mai tuwo tana shirin tashi, sai na ce a raina wataƙila sau biyu aka shigar da shi. Na kashe ta, na lulluɓe, na fita.

Ranar rabo aka tura ni garin Shagari, inda manoman Mandera ke karɓar nasu, da takardar sunaye. An lodo motar daidai da abin da ke takardar, ko buhu ɗaya babu ƙari. Wajen azahar wani tsoho ya matso, riƙe da igiyar jakinsa, ya faɗi sunansa. Na duba sama, na duba ƙasa, babu. Mai kula da sito ya buɗe takardar waɗanda aka cire, ya kwashe da dariya, ya ce, "Baba, ai kai ka rasu!"

Aka yi ta dariya, har da ni. Tsohon bai yi ba.

Ya ce, "Wanda yar rasu ɗan ƙanen ubana na. Sunan kakanmu anka sa muna, ni da shi."

Nan take na tuna da layi biyun nan. Ni ɗan ƙasar nan ne, ni kaina sunan kakana nake ɗauke da shi, mu uku a gidanmu. Kuma na san mutanenmu, in aka ce su ba da suna na biyu, sunan garinsu suke bayarwa. Wane baƙo ne ni da zan manta da wannan?

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, gobe-goben nan zan gyara."

Ya ce, "Na riga na yi dashen albasa, ɗana. Ita ba ta san gobe ba."

Na roƙi mai sito, ya ce in nuna masa wanda za a hana a ba shi. Haka tsohon ya juya da jakinsa, ba kaya.

Washegari na raya shi a na'ura kafin shayina ya huce. Na kuma sake umarnin, ta yadda dole ta nuna mini kowane layi in amince kafin ta taɓa shi. Na rubuta takarda a sa shi a mota ta gaba. Motar ba ta zo ba sai da aka fara cire albasa.

A lokacin ne na hau babur na je Mandera da buhunsa a baya. Na same shi a fadama yana tara abin da ya samu, 'yan ƙanana kamar ƙwan zabo, alhali na maƙwabcinsa hannu ɗaya ba ya rufe su. Ya karɓe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini buhu, ya tambayi mutanen Bodinga. Na faɗa masa gaskiya, cewa ni ne na yi, ba na'ura ba. Na so ƙwarai ya zage ni.

Ya daɗe yana kaɗe ƙasa daga wata albasa. Can ya ce, "Taki rabo na, bai dame ni ba. Abu guda nika son in sani. Sa'ad da kar rubuta mun mutu, ko ka yi muna addu'a?"

Na sunkuyar da kai. Ko Allah ya jiƙansu ban ce ba.