Karsanar da Ta Hana a Rage Mini Hanya

Shekarun baya, lokacin ina wuni a zaune cikin butik ɗina, wato shagona, a bakin kasuwar Magariya, na soma jin kaina yana sarawa kullum da la'asar, wuyana ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun gero. Ni kuwa mutum ne wanda ko ƙaya ta soke shi sai ya fara tunanin wa zai riƙe masa ƴaƴa. Ga shi mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har Allah Ya karɓi abinsa. Ban tsaya jira ba, na nufi asibiti.

Majo, wato babban malamin asibitin, ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya ce tansiyo ne, jinina ya hau sosai. Ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri. Sannan ya tambaye ni, "Daga gida zuwa butik a kan me kake zuwa?" Na ce babur. "Masallaci fa?" Na ce ai yana jikin butik. Ya ce, "To daga gobe ka dinga tafiya da ƙafa, kullum, har sai ka ji gumi. In ba haka ba hanyar mahaifinka ka ɗauka."

Magani ban taɓa fashinsa ba. Gishiri ma maiɗakina ta rage har miya ta koma kamar ruwan wanke kwano, na shanye hakanan. Tafiyar nan da nake ganin ita ce mafi sauƙi, ita ta gagare ni.

Washegari bayan asuba na kama hanyar da ta yi wajen gonaki. Ban gama fita gari ba sai ga wani abokina a kan babur, ya ci burki a gabana.

"Subhanallahi! Mutumina, ina baburin? Isansi ne ya ƙare a tanki, ko an yi maka aika-aika?"

Na ce lafiya lau, likita ne ya ce in dinga tafiya.

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "To hau in kai ka, ka gama da wuri."

Kun san halin garinmu. Mutum ya tsaya don ya rage maka hanya ka ƙi hawa, to ka gaya masa ke nan akwai wani abu a ranka game da shi. Na tsaya ina lissafin yadda zai kwana yana tunanin me ya yi mini. Na hau. Ya zaga da ni, ya sauke ni a ƙofar gidana, har na yi masa godiya.

Na sake hanya, wani dattijo mai amalanke ya rantse sai na hau. Na sake wata, mai kabu-kabu ya ce shi ba zai karɓi komai ba, amma ba zai wuce ya bar ni ina jan ƙafa ba. Kafin wani lokaci magana ta zaga gari: wasu sun ce butik ya karye na sayar da babur, wasu sun ce a dai yi mini addu'a, ana ganina da sassafe ina yawo a bayan gari ni kaɗai. Ranar da na ji wata tsohuwa ta je yi wa mahaifiyata jaje, ranar na daina.

Da na koma awo, jinin yana nan inda yake. Na fito daga asibiti, na wuce gidan mahaifiyata na zayyane mata komai. Tana tsince wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Kai ma dai, ɗan nan. Wa ya taɓa ganin magidanci yana tafiya ba aike ba ziyara? Ko ni na gan ka sai na ce a riƙe ka."

Na ce, "To Inna, yaya zan yi? In zauna ciwo ya kayar da ni?"

Ta nuna turke da baki. Tana da wata karsana ja, wadda kullum da safe ake kai wa makiyayi can bayan gari inda shanun unguwa ke taruwa. Ƙanena ne ke kai ta, ga shi ya tafi cirani. Ta ce, "Gobe ka zo ka ja ta. In ga mai baburin da zai goya ku ku biyu."

Haka aka yi. Ina tafe da igiya a hannu sai ga abokin nan nawa. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi karsana, ya waiwaya ya dubi bayan baburinsa. Ya ce, "Wannan kam ta fi ƙarfina. Hidimar uwa ce? Allah Ya ba da lada!" Ya ja ya tafi. Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa.

Mutanen da suka ce na taɓu, su ne suka koma ba ƴaƴansu misali da ni. Ita kuma karsanar ba ta san uzuri ba. In na makara sai ta yi ta kuka har maƙwabta su aiko. Da sanyi, da damina, ita ke gaba tana fizgata cikin rairayi, ina haki ina ba ta haƙuri. Gumin da majo ya nema, ta samar masa da shi har da ƙari.

Bayan kaka na koma asibiti. Majo ya auna, ya yi murmushi ya ce jini ya sauka, in ci gaba da magani da abin da nake yi. Na ce ko abin awon ne ya lalace, a gwada ɗaya hannun. Ya gwada. Na ce ko a kira wani ya duba. Ya ce in tashi in ba marasa lafiya wuri. Tun da nake ba a taɓa korata na ji daɗi irin na ranar ba.

Shi ya sa in na ji ana cewa wane rago ne, likita ya ce ya motsa jiki ya kasa, ba na saurin yarda. Ni niyya ba ta taɓa yi mini ƙaranci ba, tsoro kuwa har ya yi mini yawa. Kunyar idon mutane ce ta zaunar da ni, abin da ya tashe ni kuma wata halitta ce da ke jirana kullum ba ta karɓar "sai gobe".

Yanzu karsanar ta zama saniya, an kai ta garke wajen Guci. Ni dai ban fasa fita ba, sai dai ina rataya igiyarta a kafaɗa, duk wanda ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya wuce. Abin ya dame ni, na je na tambayi malamin unguwarmu ko wannan ya shiga yaudara. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Ka taɓa ce wa wani saniya za ka ɗauko?" Na ce a'a. Ya ce, "To rataya igiyarka, Allah Ya ƙara lafiya."