Gindin Gashin Gauraka

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta abin da gashin tsuntsu guda ɗaya ya nuna min. Lokacin ina aikin ban-ruwan furanni a wani gida a Nassarawa GRA. A gidan akwai gauraka ɗaya tilo, yana taku a kan ciyawa da tukkunsa kamar shi ne maigidan. Alhaji, mai gidan, ya riga ya yi wa wani abokinsa alkawarin tsuntsun.

'Yar Alhaji, wadda ke bincike a kan tsuntsaye, ta ce sam. Gauraki sun kusa ƙarewa, in ji ta, tunda a ƙasa suke sheƙa cikin fadama, kowa na iya kwashe ƙwansu. Alhaji ya ce in ta tabbatar masa tsuntsun ɗan fadamun ƙasar nan ne, zai bar mata ta kai shi wurin masu raya irinsa. Wata guda ya ba ta.

Sai ta ce da ni, "Baba, don Allah ka tara min gashinsa da ya zube."

Ni kuwa sarkin tsafta, na tara, na wanke da sabulu, na sa reza na yanke gindin kowanne saboda datti, na kai mata ina jiran yabo. Ta riƙe baki. "Wayyo Baba! Ai gindin nake so. Asalinsa a nan yake rubuce."

Kunya kamar in nutse. Kwana tara ina bin tsuntsun nan kamar jela, kafin ya ga dama ya yar da gashi ɗaya. Ban ko hure shi ba na jefa a ambulan na kai mata.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika ta kira ni, ta nuna min wasu layuka a kwamfuta da aka samo daga gwajin gindin gashin, ta jera su da na 'yan gaurakin da suka rage a wata fadama ta Jigawa. Ko ni da ban yi boko ba na ga sun hau juna. Da ta faɗi sunan fadamar, nan take na gane ta. Ta bayan garinmu ce. Ina yaro, da hannuna na sha kwashe ƙwan gauraki a cikinta mu dafa. Na zauna daɓas ina ta subhanallah.

Alhaji ya ba abokinsa haƙuri, aka tafi da tsuntsun. Daga ranar na gane kowace halitta tana da dangi da gari kamar ni, kuma wanda ya ɗauki ƙwai ɗaya a ƙasa, zuri'a guda ya ɗauka.