Keken da Umara Bai Taɓa Hawa Ba

In ka tambayi tsofaffin Haɗeja labarin Umara mai kaba, dariya za su fara yi maka, amma ka lura da kyau, ba mai ƙarasa dariyar.

Umara Babarbare ne. Kakanninsa daga wajen tafkin Cadi suka gangaro, shi kuwa a bakin kogin Haɗeja aka yanke masa cibiya. Sana'arsa kaba: ya shiga cikin goruba ya yanko, ya shanya, ya zauna a ƙofar gida yana saƙa tabarma da igiya da mangalar jakuna. Dogo ne siriri, ga wasu kunnuwa falo-falo kamar faifai, har Fulani abokan wasansa kan ce in iska ta taso a riƙe Umara kada ya tashi sama. Shi dai sai murmushi. Kunya gare shi irin ta ban haushi, wadda in ka gaishe shi da ƙarfi ma sai ya duba ƙasa.

Matarsa Yakaka kuwa, tabɗi! Duk maganar da Allah ya hana Umara ita ya ba. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, ƙamshinsa da muryarta tare suke fitowa ta kan katanga. Sun haifi 'ya'ya, ƙasa ta karɓe su tun suna ƙanana, sai ɗaya tal da ta tsaya, Mairam, wadda aka aurar wa wani masunci a Guri. Ita ma ta daɗe shiru ba haihuwa. Sai a wata bazara, zamanin Turawa, lokacin da jirgin ƙasa ya riga ya saba da tashar Malam Madori, fataken bandar kifi suka kawo albishir cewa Mairam ta sauka lafiya, namiji ne.

Yakaka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Da suka watse, sai ta zauna bakin ɗaki ta yi shiru, abin da Umara bai saba gani ba.

Ya san dalili. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani tun bara. Da fari zare ne ya gagare ta sawa a allura, sannan fuskokin mutane suka koma kamar ana hango su ta cikin hayaƙi. Kowane wata sai ya ɗauke mata wani abu. Ga kuma ƙugu. Ranar da aka kawo ta gidan Umara tana amarya, jakin da aka ɗora ta ya tumurmusa ta a laka gaban dangi, ta tashi ta rantse ita da jaki har abada. Malamai sun ce ta yi kaffara ta huta, ta ce su yi ta kansu. Yanzu da tsufa ya zo, tsohon targaɗen nan ya dawo neman hakkinsa, ko ta yafe wa jaki ma ba ta iya ɗaga ƙafa ta haye shi. Mota kuwa ba ta bin hanyar Guri sai kakar gyaɗa, mai jego kuma ba ta fita da ɗanyen goyo.

"Malam," ta ce, don ba ta taɓa faɗar sunansa ba, "ni ba na tsoron duhu. Yaron nan kawai nake so in gani da idona, ko sau ɗaya. In ya so Allah ya rufe."

Washegari Umara ya ja karsanar da ya daɗe yana kiwo zuwa kasuwa, ya dawo da igiyarta kawai a hannu.

A lokacin, in kana son keke a Haɗeja, Ja'afaru dillali kake nema. Ka ba shi kuɗinka, ka faɗa masa irin wanda kake so, ya hau jirgi a Malam Madori ya tafi Kano, ya zaga kantuna, ya ƙwanƙwasa, ya murza, ya yi ciniki, ya kawo maka har ƙofar gida ya karɓi la'adarsa. Mutum ne mai amana, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Aibinsa ɗaya, ba ya bari ka kai ƙarshen magana ya ce ya gane.

Abin da ke ran Umara mai sauƙi ne. Keke mai kariya, wato wurin zaman nan na ƙarfe da ke baya. Ya koyi tuƙi, ya ɗora Yakaka, su kama hanya kafin ruwa ya cika fadama. To amma da ya isa rumfar Ja'afaru, sai ya tarar da ita cike da maza ana hira.

"Baba Umara, yau kai ne a wajenmu? Wane iri za a kawo? Baƙi ko kore? Mai fitila? Mai ƙararrawa?"

Kowa ya juyo. Haba, ina dattijo kamar Umara zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce matarsa zai goya a keke? Kalmar "matata" ma bai taɓa furta ta a gaban maza ba, sai dai ya ce "mutanen gida". Gumi ya karyo masa. Ya duba yatsun ƙafarsa ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Wanda... wanda mace za ta iya hawa."

"Mace?"

"Mace."

"An gama, Baba, na gane!"

Bai gane komai ba, bawan Allah. Amma wahala kam ya sha ta. Ya bi kantunan Kano ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba ya ajiye irin wannan. Da ƙyar ya ji labarin wata Baturiya mai aikin jinya da za ta koma ƙasarsu tana sayar da kayanta. Ranar da ya dawo, ƙirji a gaba ya shigo gari yana tura abin, jama'a na biye da shi.

Keken mata ne. Ba sandar tsakiya, sai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya yi ƙasa. Kwando a gaba, ƙararrawa mai zaƙin murya, raga a kan tayar baya don kada zane ya shiga. Kariya kuwa babu, ko alamarta.

Rumfa ta kece da dariya. Wani ya ce, "Baba Umara, saura ɗankwali!" Wani ya ce a nemo masa lalle. Umara yana tsaye yana kallon bayan keken, inda ya kamata Yakaka ta zauna. Da ya ja Ja'afaru gefe ya yi masa bayani da ƙyar, sai dillalin ya dafe kai.

"Wayyo, Baba! Me ya hana ka ce Iya za ka ɗauka?"

Suka je wa maƙeri. Ya juya keken, ya ce ƙarfen bayan siriri ne, in aka ɗora masa babban mutum zai karye a hanya. Ja'afaru ya ce zai nemi mai saye ya sayo wani, amma sai an yi haƙuri zuwa bayan damina. Umara ya ɗaga kai. Shamuwa ta riga ta sauka a kan kukar kasuwa, ruwa na tafe. Ido kuma ba ya jiran kaka.

Ta lungu ya tura keken gida, zuciyarsa kamar ta fashe. Yakaka ta ji ƙarar sarƙa tik-tik-tik ta fito tana dafa bango. Ya gaya mata duk yadda aka yi, har kalmomin da ya faɗa a rumfa. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, har hawaye.

"Kai, Malam! Tun muna da baƙin gashi muke ɗaki ɗaya, amma ka kasa cewa matarka? Wanda mace za ta hau! Wace macen? Ta bakin kasuwa?"

Tana tsiya tana shafa keken. Ta taɓa kwando, ta taɓa ƙararrawa, ta taɓa sirdi. Sai hannunta ya wuce ta inda sanda ya kamata ta tare shi, ya ji wayam. Ta tsaya. Ta sake wucewa da hannun. Sannan a hankali ta zura ƙafar nan mai ciwo ta wurin, ko ɗaga ta ba ta yi ba, ta ja jiki ta zauna daram a kan sirdi.

"Riƙe," ta ce. Ya riƙe. "To, tura mana."

Ya tura ta daga bakin ɗaki zuwa gindin rumbu, ya juyo. Ashe tun farko ba tuƙi ake nema ba.

Ya naɗe sirdin da tsumma ya saƙa masa kaba mai laushi. Ta cika kwando da turaren wuta da kanwa da zanen goyo. Bayan sallar asuba suka fito, ita a sama ta rufa da mayafi, shi a gefe, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a bayan sirdi. Masu dariyar jiya suna ƙofar masallaci. Suka bi su da kallo, ba wanda ya ko yi tari. A bakin gari Ja'afaru ya cim musu da gudu yana haki, ya cusa famfo da kayan faci a kwando, ya ce wannan ba ya cikin ciniki, Iya ta yafe masa.

Hanyar Guri ba hanya ba ce ta Allah da Annabi. Rairayi ne mai haɗiye taya, in ka fita daga shi ka faɗa ƙaya. Yakaka kuwa ta sami abin yi. Duk wanda suka gamu da shi sai ta kaɗa ƙararrawa ta ce, "A ba mu hanya! Na rantse ba ni ba jaki, ga shi Allah ya ba ni mai ƙafa biyu, ba ya harbi, ba ya cin dusa." Umara ya yi murmushi ya ci gaba da turi. Suka kwana a Kirikasamma gidan wani mai sayen tabarmarsa, ruwan farko ya sauka kafin gari ya waye.

Daga nan laka ta karɓi aiki. Ta cushe tsakanin taya da murfinta, sai ya tsaya ya ƙwaƙule da tsinke, a yi gaba kaɗan ta sake cushewa. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsinka masa zuciya shi ne da hantsi, rana tarwai, sama wanke tas, Yakaka ta ce, "Yau gari ya yi hazo, ko?" Jim kaɗan garken shanu ya gifta gabansu, farare ƙal, ta tambaye shi ko wanki aka shanya.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya daina tsayawa hutu. Faso ya buɗe a dugadugansa yana jini, bai kula ba.

"Malam, tsaya ka sha ruwa."

"Ban gaji ba."

"Ƙarya kake, ina jin ƙirjinka kamar zugazugi."

Bai tsaya ba sai da ruwa ya tsayar da shi. Wani rafi ne dab da Guri, wanda jiya busasshe ne, yau ya kawo iya cinya. Masunta na zaune a gaɓa suna gyaran koma. Umara ya dube su, ya dubi ruwan. Sannan ya jingine keken, ya durƙusa ya ba Yakaka baya. Ta ɗan yi jim, ta hau. Da rana tsaka, a gaban maza, dattijo ya shiga ruwa goye da tsohuwa.

Wani daga cikin masuntan ya ɗaga murya, "Sannu, Baba! 'Yar'uwarka ce ba lafiya?"

Umara ya tsaya a tsakiyar rafi, ya juyo, ya ce da ƙarfin da ba a taɓa jin sa da shi ba, "Matata ce."

Yakaka, mai bakin nan, sai ta kifa fuska a bayan wuyansa. Ya ji dai ta ƙara ƙanƙame shi, wuyan rigarsa ya jiƙe ta inda ruwan rafi bai kai ba.

Da suka isa gidan, mata suka fito suka tallafe ta zuwa ciki. Shi ya tsaya a waje riƙe da keke, don gidan surukai ne, kuma 'yar fari ce. Ta cikin zana yake jin komai. Ya ji Mairam ta fashe da kuka. Ya ji Yakaka na cewa, "Bar kukan nan, ku fito min da shi rana. A'a, nan, inda ta fi haske. Matso da shi. Ƙara matsowa."

Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Umara ya rufe ido yana kiran sunan Allah.

Can sai muryarta ta tashi, rabi dariya rabi kuka: "Wayyo ni Yakaka! Ku zo ku ga kunnuwa! Wallahi na tsohon nan ne, falo-falo, har da lanƙwasar na hagun!"

Ba wanda ya gaya mata. Gani ta yi. Umara bai san sanda babban yatsansa ya danna ƙararrawa ba, ta yi ta kaɗawa a ƙofar gidan surukai, shi kuma hawaye na bin gemunsa.

Kafin a yi girbi idon ya rufe gaba ɗaya. Ba ta taɓa kokawa ba. In an zo gaishe ta sai ta kama ba da labarin kunnuwan jikanta. Kullum da la'asar Umara kan ɗora ta a keke ya tura ta bakin kogi ta ji kukan tsuntsaye, tana kaɗa ƙararrawa tana tsokanar masu wanki. Shi dai bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba, ko da wasa.

Bayan rasuwarta keken ya zauna a zaure, yana goge shi da man gyaɗa. Wata rana Ja'afaru, shi ma furfura ta fito masa, ya zo ya zauna a gefen tabarma. Ya ce an sami wata malamar makaranta da ke neman irinsa, za ta saya da daraja, shi kuma ba ya son la'ada.

Umara ya ɗaga kai daga saƙarsa, ya dubi keken.

"Ai ba nawa ba ne, Ja'afaru," ya ce. "Na matata ne."