Bangon Ɗakin Inna

Ina wankan jegon ɗana na fari a gidanmu na unguwar Zangouettin a Wagadugu lokacin da gwamnati ta fara rushe unguwar. Ba a iso layinmu ba tukuna, amma duk sa'ad da katafila ta kama aiki a layin baya sai kwanukan Inna su riƙa kaɗawa a cikin kabad. Kakanmu ne ya gina gidan da tubalin laka bayan ya zo daga Kano fataucin zannuwa. Daga baya Baba ya ɗora bene a kai, aka shafe ko'ina da siminti.

Yayana ya zo daga Aljeriya ganin jariri. A can ya yi karatun injiniya, aikinsa kuwa bin tsofaffin gidaje yana duba waɗanda za su iya tsayawa in an yi girgizar ƙasa. Karɓar yaron ke da wuya sai ƙasa ta motsa, ƙura ta zubo daga rufi a kan zanen da na naɗe shi. Yaya ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon sama.

"Inna, a ɗakin nan suke kwana?"

"A nan na haife ka," in ji Inna.

Ya miƙo mini yaron, ya ja kabad gefe. A kusurwar da ya tare akwai tsaga tun daga ƙasa har rufi. Yaya ya zura hannu, sai ga shi ya shige har gwiwar hannu. Bangon da ke kallon titi ya rabu da na gefe, shafen siminti ne kawai ya ɓoye abin ta waje. Ya taka kujera ya soka wuƙa a azarar da ke ɗauke da benen, ta nutse kamar a dafaffiyar kabewa. Gara ta gama da ita. Daidai ƙarƙashinta gadona yake. Na yi salati.

Aka kira Baba daga zaure. Ya leƙa ya ce, "Kai, nan Wagadugu ne. Tun da nake ban taɓa jin an yi girgizar ƙasa ba."

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Katafilar nan ma ta isa. Bangon nan ba abin da ke riƙe da shi, ga nauyin bene a kansa."

Kafin azahar Inna ta ɗaure kayanmu, muka koma gidan gwaggona a Ouidi. Baba ya ce shi ba inda za shi, sai dai ya yarda zai riƙa kwana a zaure.

Ba a jima ba na koma da la'asar ɗaukar ragowar kayan jariri. Tun daga kwana na hango taron mutane. Bangon ya kwanta a titi, benen ya rufta cikin ɗakin. Ƙafar gadona ta ƙarfe kaɗai nake gani a lanƙwashe cikin ƙasa. Ba wanda ya ji rauni. Baba na tsaye da buta a hannu, gemunsa duk ƙura.

"Ina yaron?" ya tambaye ni.

"Yana Ouidi wajen Inna, Baba."

Ya sake kallon ɗakin. "Ina yaron?"

Na maimaita masa. Sai a lokacin ya zauna a kan dakalin maƙwabci. Yaya ya zare butar daga hannunsa, ya je neman motar da za ta kai shi Ouidi.