Aladen da Aka Ɗinke Cikin Fata

Shekarar da yanar ido ta rufe mini idon hagu, ɗiyata ta matsa sai na bar Argungu na zo Birnin Kebbi a yi mini aiki. Na zo, aka yi, Allah ya sa aka dace. Likita ya ce in nisanci hayaƙi da ƙaiƙayin shinkafa har wata biyu, don haka aka ba ni ɗakin da ke kusa da ƙofa a gidan surukina, mijin ɗiyar tawa, a Badariya.

Gidan bai dame ni ba. Abin da ya sa na yarda in daɗe shi ne jikanyata, wadda a lokacin take shekara takwas. Can baya in an kawo ta Argungu hutu, da an sallame magariba za ta haye ƙafata ta kama gemuna ta ce, "Tsoho, kura." Ni kuwa in ce, "Uwargida, sai kin ba ni tuwo." Haka muke, kura yau, dila gobe, har barci ya ɗauke ta. Amma da na zo Badariya na tarar an yi mini ƙwace. Ubanta ya sayo mata wani ƙaton littafi na Turanci, mai nauyin turmin atamfa, wai tatsuniyoyin ƙasashen duniya ne da aka tara wa yara. Daren farko na kira ta, ta leƙo ta ce, "Tsoho, kurarka kullum wauta ɗaya take yi." Ta koma.

Surukina ma'aikacin ofis ne, mai son a san ya yi karatu. Ba ya cewa lokaci, sai ya duba agogo. Ya same ni da safe ya gaishe ni daga tsaye ya ce, "Baba, kada ka damu. Zamanin kura da tsohuwa ya wuce, yanzu yaro sai ya san duniya." Idonsa ya faɗa kan wasiƙar da nake rubuta wa ƙanena game da irin albasa. Da ajami nake rubutu, shi na koya a zauren malaminmu, da alƙalamin kara da tawadar da nake dafawa da kaina. Ya yi murmushi irin na mai tausayi.

"Ashe har yanzu ana wannan rubutun? Ai Baba wannan sai gidan tarihi."

Na ce Allah ya yi albarka. Suruki ne, akwai kunya tsakaninmu.

Na yi kwana biyu ina tunani, sai na yanke cewa in yarinya ta bar kasuwata, ni zan bi ta tata kasuwar. Maƙwabciyarmu malamar firamare ce, Kirista, mutuniyar Filato, mace mai haƙuri da son dariya. Da la'asar takan zauna gindin dogonyaro tana duba littattafan 'yan ajinta. Na roƙe ta ta riƙa fassara mini littafin nan labari ɗaya kowace rana, ni kuma ina rubutawa da ajami don in hardace.

Na ji abin mamaki. Akwai ƙasar da namun daji ke kwana kan gado da bargo. Akwai sarkin da ya ce duk wanda ya sa ɗiyarsa dariya zai ba shi rabin ƙasa, na ce da malamar, "Su can haka ake rabon sarauta kamar ƙosai?" Kuma kowane labari sai an rubuta masa darasi a ƙasa, kada ka yi girman kai, kada ka yi kwaɗayi, kamar yaro ba shi da kan da zai gane. Abin da ya fi tsaya mini shi ne babu ɗaya da ya amsa laifinsa. Tamu tatsuniya in ta ƙare, mai ba da ita yakan faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya shirya, kowa ya tashi da zuciya wanke. Su kuwa sai su yi ƙaryar, su sa mata hoto mai launi, su rufe da wa'azi.

Duk da haka dabarata ta ci. Na fara ba yarinya labaran littafinta da bakina, ina ɗan karkata su. Ba ta iya jurewa. "Ba haka ba ne, Tsoho! Ba kwalekwale ya shiga ba, jirgin ruwa ne!" In ce ai ni a gulbinmu na gan shi. Tana gyara ni tana matsowa, kafin mako ya zagayo ta dawo kan tabarmata, har ta fara cewa in sa kura a ciki don labarin ya yi daɗi.

Cikin labaran akwai na wani alade na ƙasar ƙanƙara, wanda ya so a naɗa shi shugaban dabbobi. Ya ari hula wurin agwagwa, riga wurin tunkiya, takalma wurin jaki, haka dai har dabba tara, ya tafi fada yana taƙama. Dabbobin sun yi mini yawa, sai na zana gida tara a ƙasan takardar, uku uku, kowane gida na sa sunan dabba da abin da ta ba da aro. Ban buɗe takardar da sunan Allah ba kamar yadda na saba, don ban ga dacewar in ɗora shi a kan alade ba. Na ajiye ta a bakin taga tawada ta bushe, na tafi masallaci. Da na dawo babu ita. Na zargi iska, na zargi akuyar maƙwabta, na haƙura.

Bayan kamar mako uku aka yi wa surukina ƙarin girma a wurin aiki, abin da ya shekara biyu yana nema. Daga ranar mutumin ya sauya. Wanda ke gaishe ni daga tsaye ya koma durƙusawa har ƙasa. Yau tsire, gobe sabuwar hula. Na ce ikon Allah, ashe kujera tana koya wa wasu ladabi.

Ran nan da hantsi sai ga mutum biyu cikin manyan riguna, abokan aikinsa, suka tuɓe takalma tun daga bakin ƙofa. Bayan doguwar gaisuwa ɗaya ya rage murya.

"Malam, mun zo ne a taimaka mana da irin wadda aka ba oga."

"Wace?"

Suka dubi juna suka yi murmushi. "Mai hatimin nan, Malam. Mai gida tara."

Hatimi shi ne zanen gidaje da malamai kan yi a ƙarshen rubutun addu'a. Nan take na tuna da takardar aladen da ta ɓace a taga. Na sallame su da cewa ido bai gama warkewa ba. Da maraice surukina ya shigo, ya durƙusa, ya ɗaga hannun rigarsa. Ga laya ɗaure a damtsensa, sabuwar jar fata, ɗinkin baduku mai kyau.

"Baba, na gane saƙon. Na san kunya ba za ta bari ka miƙo mini hannu da hannu ba, shi ya sa ka ajiye a taga. Da ita na shiga gaban manya. Wallahi ina magana suna gyaɗa kai."

A ranar na bar shi ya fita da abarsa. Mutumin da ya aika rubutuna gidan tarihi, shi ne ya tsince shi a taga, bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, ya ga baƙaƙen Larabci da gida tara ya kai wa baduku. Da wani aka yi wa, da na yi dariya har idon ya koma.

Kwana uku ina juya abin. Na san halin surukina, yana yafe ɓarna amma ba ya yafe kunya. In na faɗa, zamana a gidan ya ƙare, kuma shi ke da ikon cewa a kai yarinya Argungu ko kada a kai. In na yi shiru, ina da tsire da hula da uwargidata a kan tabarma. Amma ga Musulmi yana tsayawa sallah da alade a damtse, ya ɗauki abin da Allah ya ba shi ya jingina wa takarda, kuma da hannuna aka rubuta ta. Na yi ta neman wata ƙofa. Na ce ko in karɓa da sunan zan ƙara mata ƙarfi, in musanya da addu'a ta gaskiya. Sai na ga wannan ƙarya ce a kan ƙarya, kuma gobe masu manyan riguna za su dawo.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, na tsayar da surukina a bakin ƙofa muna dawowa daga masallaci.

"Alhaji, abin nan da ke hannunka ba addu'a ba ce. Tatsuniya ce. Daga littafin da ka sayo wa yarinya na kwafe ta."

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. "Na gane, Baba. Ba a bayyana sirri. Laifina ne da na gaya wa mutanen ofis. Ba zan ƙara ba."

"Ba sirri ba ne. Labarin alade ne."

"Haka ne, Baba. Ko wa ya tambaye ni, alade zan ce."

Na rantse masa. Ya ce ai manyan malamai sun iya rantsuwa mai harshe biyu. A nan haƙurina ya ƙare, kuma a nan na yi abin da har yau nake tambayar kaina ko da wata hanya. Na ce ya kwance ta. Na sa 'yar wuƙata na farke ɗinkin, na warware takardar. In na karanta da kaina zai ce na sauya, don haka na waiwaya. Mai gadin gidan yana zaune kan benci, dattijo ne mutumin Ambursa, wanda surukina kan kira jahili in ya kasa karanta sunan da ke kan ambulan.

Na ce masa, "Malam, ka iya ajami?"

"Awo, shi munka tashi da shi."

Ya goge hannu a riga, ya karɓa da ladabi, ya matsar da ita nesa da ido, ya fara da irin muryar da ake karatu a zaure.

"Sai alade yac ce ma agwagwa, ara mini hularki in tahi fada, in an naɗa ni ba ni mance ki." Ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi maigidansa, ya duba gidajen nan tara. "Tunkiya, riga. Jaki, takalma." Ya ɗago kai a hankali. "Yallaɓai, wanga shi na kaka ɗaurawa kullum?"

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Amma kafaɗunsa suna rawa, kuma malamar nan tana gindin dogonyaro da jan bironta, ta ji komai, ta sa littafin wani yaro ta rufe fuska. Surukina ya karɓi fatar da aka farke, ya dube ta, ya shige gida.

Bai yi mini rashin kunya ba, ba halinsa ba ne. Kwana biyu bayan haka ya zo ya gaishe ni, daga tsaye, ya ce ya ji an ce albasa ta isa cira a Argungu, kuma bai kamata a tsare babban mutum a birni gonarsa tana jira ba. Mota tana waje. Saura kwana goma sha biyu cikin wata biyun da likita ya faɗa. Ɗiyata ta haɗa mini kaya tana share ido da bakin mayafi. Yarinya tana makaranta, ban gan ta ba.

Hutun ƙarshen zango ya zo, aka ce tana da darasin hutu. Na babbar sallah ya zo, aka ce hanya ba kyau. Hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, wadda masu albasa ke bi sau biyu a yini. Yanzu shekara ta biyu ke nan. Ran Juma'a uwarta kan kira ni ta miƙa mata waya, in ce, "Uwargida, ina tuwona?" ta ce, "Lafiya lau, Kaka," da muryar yaron da babba ke zaune kusa da shi. Ba ta ce mini Tsoho.

Na roƙi Allah gafara a kan mai gadin da na sa a tsakani, don wannan fushi ne ya sa ni, ba addini ba. A kan faɗar gaskiyar kuwa ban roƙi komai ba. Ɗiyata ta gaya mini a ɓoye cewa mijinta ya samo wata laya wurin wani malami a cikin gari, yana neman kujera ta gaba. Ta ce wannan karon, kafin a kai wa baduku, sai da ya ja mai gadi gefe ya sa ya karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe.