Tukunyar da Ba Ta Hau Murhu Ba

Mu shida ne ran nan bayan la'asar, a zauren gidanmu na Bodinga. Akwai ni, bisa 'yar kujerata kusa da ƙofa. Akwai ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, manomin albasa, ya haura arba'in. Akwai ƙanen mijina marigayi, tela a kasuwa, wanda ya rufe shago da wuri don kada labari ya wuce shi. Sai baƙi biyu, ɗaya dogo mai baki, ɗaya gajere mai riƙe da jaka, kowa da hula ruwan toka da tambari ɗinke a goshi. Ta shidan ba a ganinta, matar ɗana ce, tana bayan zana wai tana tsince shinkafa, amma tun da baƙi sunka zauna ban ƙara jin motsin faifai ba.

Dogon ya yi bayani. Ƙungiya ce ta 'yan'uwa, in ji shi, ta kai har kudu, ta ƙetare ruwa. Wanda ya shiga zai samu taki da injin ban ruwa, albasarsa ta hau motar ƙungiya ba tare da dillali ba, in ya mutu kuma 'ya'yansa sun zama nasu. Sharaɗi biyu ne. Mutum ya yi rantsuwa ba zai faɗi abin da ake yi ciki ba, ya kuma kawo takardar gonarsa a ajiye wurinsu, don 'yan'uwantaka ta yi nauyi. Duk inda ya tsaya, gajeren ya ce haka ne.

Takardar da ake magana ta fadamarmu ce ta wajen Danchadi, wadda mijina ya bari, mai hatimin hakimi. Daga fadamar nan gidan ke ci duk rani. Takardar tana cikin akwatin ƙarfena, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena, shi ya sa anka kira ni zaure. Ran Juma'a ta sama za a yi rantsuwar.

Ban taɓa shiga makaranta ba, katin da sunka miƙo mini juya shi kawai na yi na mayar. Amma na fi shekara talatin ina tuƙa tuwon taro, na biki da na suna da na sadakar mutuwa, daga Bodinga har Shagari. A cikin aikin nan na lura da abu guda. Duk ƙungiyar da na sani tana da tukunya. Mahauta na da tasu, teloli na da tasu, masu albasa na da tasu, kowace da alamar fenti a kafaɗa don kada ta ɓace a gidan taro. Ba na karanta baƙi, amma in na ga shuɗin zane biyu na san ta teloli ce, in na ga jan ɗigo na san ta mahauta ce. Kafin mazan ƙungiya su iso gidan rasuwa, tukunyarsu ta riga su.

Sai na ce, "Malam, ina tukunyarku?"

Dogon ya dube ni, ya dubi ɗana. "Tukunya, Inna?"

"Ta taro. In ɗayanku ya mutu, cikin mi kuke dafa ma mutane?"

Ƙanen mijina ya fashe da dariya. "Ku gafarce ta, matata ce, tun tana amarya ba ta san komi ba sai murhu. Ana maganar ƙetare ruwa kina maganar tuwo?"

Na ce, "Kai da ka ƙetare ruwan, ran da yayanka ya rasu cikin tukunyar wa ka ci?"

Ta teloli ce, kuma shi ya ɗauko ta da kansa.

Dogon ya yi murmushi ya ce reshensu na Shagari shekararsa uku, kuma babu abin da ba su da shi can. Na ce to madalla, Shagari ba nisa. Da sunka tafi, ɗana ya ce na kunyata shi gaban manyan mutane. Na ce takarda ta ubansa ce, ban hana shi ba, amma sai na gani da idona.

Gaskiya ba tsoro kaɗai ya kai ni ba. Ina son in sani. Tun ina yarinya nake mamakin yadda maza ke son abin da ake rufe ƙofa a yi. Na yi ta tunani ko akwai wata irin ƙungiya ta zamani da ban sani ba, wadda ba ta buƙatar tukunya, kamar yadda yanzu ake aika saƙo babu ɗan aike. In akwai, ba na son jahilcina ya tare wa ɗana hanya.

Ranar kasuwar Shagari na shiga bas da hantsi. Na sauka gidan wata ƙawata da munka daɗe muna haɗuwa a bakin murhu, ita ke riƙe da yawancin tuwon taron garin. Bayan mun gaisa ta kawo fura, na kwatanta mata hular.

"Masu tambari? Na san su. Suna da shago bayan tasha, kullum a kulle, sai ran da za su shiga."

"Kin taɓa tuƙi cikin tukunyarsu?"

Ta tsaya ta yi tunani sosai, don ita ma abin ya ba ta sha'awa. Ta lissafa tukwanen garin da yatsu, kowace da alamarta, har da wata ta masu kifi mai kunne ɗaya. Babu tasu.

Na ce watakila babu wanda ya mutu cikinsu. Ta ce a'a, bara an yi, wani mai sayen albasa, matarsa na nan ta gama takaba. Sai na ce ta kai ni in yi gaisuwa, ko da ta yi latti.

Mun samu matar tana surfe. Yarinya ce a kaina, da 'ya'ya huɗu. Na yi mata gaisuwa yadda ya kamata, mun yi addu'a, sannan na faɗa mata gaskiyar abin da ya kawo ni. Ta jingine taɓarya.

"Sun zo, Inna. Ba zan ce ba su zo ba. Ran uku, su biyar da hulunansu. Sunka buɗe wani ƙyalle mai rubutu a ƙofar gida, sunka tsaya anka ɗauke su hoto da waya."

"Sun zauna?"

"Tabarma na shimfiɗe, ba wanda ya tuɓe takalmi."

"Sun ci?"

"Ko ruwa."

"To wa ya kawo tukunya?"

Ta ce tsohuwar ƙungiyar masu albasa, wadda mijin ya daina zuwa tun da ya samu hula. Su sunka haƙa kabari, su sunka kawo itace, su sunka zauna kwana uku a ƙofa suna karɓar gaisuwa.

Na tambaye ta takardar gonarsa. Ta dubi ƙasa. Ta ce sau huɗu wanta yana zuwa shagon. Sun ce magana ce tsakaninsu da ɗan'uwansu, an yi rantsuwa a kai, ba a faɗa wa na waje. Da damina ta faɗi, wani baƙo ya zo ya shuka gero a gonar, ya ce a hannun ƙungiya ya same ta. Ba ta kai ƙara ba, don an ce mata wanda ya tona abin da anka rantse a kai zai ja wa mamacin nauyi a kabari.

Da munka fito, ƙawata ta ce tsohuwar ƙungiyar na zama yau bayan azahar, in ina son in gani. Ina so. Ƙarƙashin wata itaciyar bedi suke a gefen kasuwa, bisa tabarmi da sunka sha faci. Babu hula iri ɗaya, babu ƙofa. Na tsuguna kusa da mai ƙosai ina jin komi. Gardama suke kan wanda ya ari buhunan ƙungiya ya mayar da su a yage, murya sama, wani na cewa a kore shi, wani na cewa surukinsa ne. Ban ga abin burgewa ba, har na ji haushin surutunsu. Amma mai ƙosai ta san sunan shugabansu da gidan da yake kwana, ta san wanda ya riƙe kafinsa da dalilin da anka sauke shi. Na ce a nuna mini tukunyar. Tana jingine a zauren shugaban, mai cin mudu ashirin, gindi baƙi ƙirin, an like ta wuri biyu, cikinta duk sawun muciya. Na shafa ta, na gane na taɓa tuƙi a ciki, a wani suna shekarun baya.

Na koma gida na faɗa wa ɗana duk abin da na gani. Bai karɓa ba. Ya ce zancen mata ne, mamacin ne ya karya wata doka, kuma dogon ya riga ya gaya musu maƙiya za su yi ta ƙaga magana. Ya ce, "Inna, shekara nawa ina ban ruwa da injin haya? So kike in mutu a haka?" Wannan ta taɓa ni, don gaskiya ce. Na ga tafin hannunsa. Mabuɗi dai ya ci gaba da zama a bakin zanena.

Ran Alhamis da la'asar sai ga a-daidaita ta tsaya a ƙofar gida. Baƙin nan biyu ne, sun ɗauko tukunya, ƙatuwa, sai da mai a-daidaitar ya kama musu. An yi mata tambarinsu da koren fenti a kafaɗa. Sunka dire ta tsakiyar zaure. Ƙanen mijina, wanda ya biyo su daga kasuwa, ya tafa hannu.

"To matata, ga abin da kike kuka. Sai ki kwance mabuɗi."

Dogon ya ce, "Inna ta yi tambaya mai kyau, shi ya sa munka ɗauko ta daga Shagari. Shekara uku wagga tukunya na yi wa 'yan'uwa aiki."

Gajeren ya ce haka ne.

Na ce a kife mini ita. Sunka kife. Gindinta fari tas, yana ɗaukar ido. Na ce a tayar. Na sa hannu ciki, babu sawun muciya ko ɗaya, ƙasanta ma da sauran yashin wurin zubin maƙera. Na dangwala yatsa a kan tambarin, yatsana ya fito kore.

Da ya ce mini, Inna kin ba mu kunya, jiya munka saya, da na yi shakkar kaina. Sabuwar ƙungiya ba laifi ba ce, ta masu albasa ma akwai ranar da gindinta ke fari. Amma shekara uku ya ce, da bakinsa, gaban mutum huɗu da ta bayan zana.

Na ɗaga yatsan kawai. Dogon ya ce ai wanke ta anka yi, anka sabunta fenti don girmama ni. Daga bayan zana sai murya ta fito, karo na farko tun da anka fara zancen nan: "Da wane sabulu? A sayo mini."

Ƙanen mijina ya yi dariya har da tari, wannan karon ba ni yake yi wa ba.

Ɗana bai yi dariya ba. Ya tashi, ya durƙusa gaban tukunyar, ya shafa cikinta ya dubi yashin a tafinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya tambayi dogon, a hankali, ina takardar mutumin Shagari da ya rasu bara. Dogon ya ce wannan sai bayan rantsuwa ake sani. Ɗana ya ce to shi yana son ya sani kafin. Baƙin sunka dubi juna, dogon ya ce lokacin salla ya yi, za su dawo. Sunka fita da sauri, sunka bar tukunyar.

Bayan magariba ɗana ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba. Ya ce, "Inna, bar takardar inda take." Na ce to. Ya riga ya ji kunyar da ta ishe shi.

Washegari, ranar da anka sa don rantsuwa, na yi sammako. Na sa anka ɗora tukunyar saman bas ɗin Shagari, na dire ta a ƙofar shagonsu da ke kulle, na ce wa masu shayin tasha su shaida na mayar. Daga nan na wuce gidan matar nan. Na ce ta ɗauki mayafinta ta kira wanta, rantsuwar da mijinta ya yi ba ita ta yi ba, kuma za mu biya wurin liman ya faɗa mata da bakinsa. Ta ce tana jin tsoro. Na ce ni zan fara magana. Munka kama hanyar gidan hakimi mu uku, koren fentin nan bai gama fita daga yatsana ba.