Rugar da Na Ɓoye da Rumbun Ƙwaƙwalwa

Abu biyu ne a gabana, kuma dole ɗaya ya tafi. Na farko shekarar ƙarshe ta ɗiyata a jami'ar da ke Kalgo. Na biyu wata ruga a bayan Diggi, inda nake sayo raguna tun ina yawo da keke, wadda ko uwar 'ya'yana ba ta san hanyarta ba.

Ni dillalin dabbobi ne a Gwandu. Ban gada ba, a kara, kasuwar dabbobi, na koya, da rana da zagi. A sana'armu kana iya ba mutum aron babur, ka ci tuwo da shi kwano ɗaya, amma ba ka faɗa masa inda kake sayo kaya. Duk ranar da zan je rugar, cewa nake Jega za ni.

Ɗiyata ta zo hutu da aikin kammala karatu da malaminta ya ɗora mata. Ta ce akwai wani rumbu a intanet inda masu bincike ke zuba hotunan ƙwaƙwalwa, ta mutum da ta ɓera da ta tsuntsu, kowa ya shiga ya ɗiba. Ta nuna mini a wayarta: ƙwaƙwalwar ɓera tana juyawa duk inda yatsa ya tura ta. Ta duba ba ta ga ta ragon Uda irin namu ba, ita ce za ta saka, guda goma sha biyu.

Na ce, "Nawa suke biya?"

"Kyauta ne, Baba."

"Rumbun da ba shi da ƙofa ai fili ne, ba rumbu ba."

Duk da haka washegari na je wurin mahauta na sa aka tara mini kawuna. Don su girmama ni, suka babbake su, suka kankare tas. Da ta buɗe buhun sai ta yi dariya, dariyar da ke kusa da kuka.

"Baba, ai waɗannan na farfesu ne."

Ashe ɗanye take so, da sanyinsa. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, rumbun ba ya karɓar ƙwaƙwalwa sai da tarihinta: shekarun ragon, irinsa, abin da yake ci, da wurin da ya tashi. Ragon kasuwa kuwa ya bi hannu biyar, babu mai sanin uwarsa. Wuri ɗaya na sani da ake riƙe irin wannan tarihi.

Na ce, "A ɗauko daga inda na sani, ke kuma ki rubuta Jega. Wa zai zo ya duba?"

Ta ce, "Wani zai ɗora aikinsa a kan nawa, Baba. In ƙasan ƙarya ne, har nasa zai rushe. Gara in maimaita shekarar."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ni ne na kasa zama. In je kara, in taya rago, in manta abin da na taya. In hau babur har bakin gari in juyo. Na auna abin ta kowace fuska kamar yadda nake taɓa bayan rago in ji kitse, ban sami inda zan ci biyu ba. Ranar da na ga ta fara haɗa jakarta, na ce ta hau babur.

Dattijon rugar ya tarbe mu da nono. Ya dube ta, ya dube ni.

"Alhaji, yau har da likita? Ko ragunan ne ba ka yarda da su ba kuma?"

Ta zauna ta yi masa bayani. Yana nuna rago yana faɗin daminar da aka haife shi, da fadamar da ya yi kiwo, ita tana sakawa a waya. Can sai ya juyo gare ta.

"'Yata, wannan abin da kike rubutawa, mutane za su gani?"

"Duk duniya, Baffa."

Ya kalle ni ta gefen ido, ya gyara malafarsa. "To, a rubuta sunan wurin da kyau."

Nan na san ya gama lissafinsa kafin in gama nawa. Asirin da nake ɓoyewa, shi yake biyan kuɗinsa tun da daɗewa, don ba shi da mai saye sai ni.

Muka yi ta zirga-zirga. A yanka a rugar, kan ya shiga cikin kula mai ƙanƙara, mu kama hanyar Kalgo kafin rana ta yi zafi, naman kuma in kai wa masu tsire. Ta gama, aka karɓa.

Ba a jima ba wani abokin sana'a, wanda ɗansa ke aji ɗaya da ita, ya tare ni a tsakiyar kara yana ɗaga waya.

"Alhaji! Ashe Jegar taka a bayan Diggi take? Shi ya sa ba mu taɓa haɗuwa a hanya ba!"

Kara ta kwashe da dariya. Na ce masa in ya je ya gaishe da dattijon, ya kuma riƙe aljihunsa da kyau.

Ga yadda ciniki ya tashi. Kafin Layya motoci uku na tarar a rugar, dattijo yana zaune kan tabarma yana cewa albarka kamar ɗan birni, ni ma a layi nake. Rugar nan ta tafi, ba za ta dawo ba. Ɗiyata ta fita da takardarta a shekararta. Raguna goma sha biyu na cikin rumbu, baƙi daga ƙasashen da ban san sunansu ba suna ɗiba ko sannu babu. Wani lokaci nakan sa ta buɗe mini, in juya ɗaya da yatsa, in kasa gane wane rago ne, ni da nake gane su daga tafiya.

Na ba da ruga, na karɓi shekara. Da wani dillali ne ya kawo mini labarin, da na ce ya faɗi. Da yake ni ne, na ce an sayar, kuma ban kira ɗiyata in ce a fasa ba.